Palmira Mai Yi wa Uwarmu Sutura

An haifi Palmira Di Loreto a ƙauyenmu Serramonda ranar sha ɗaya ga Fabrairu, 1909, ta rasu ranar uku ga Nuwamba, 1984. Na tabbata da ranakun nan, domin da idona na duba su a littafin coci. A tsakaninsu ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta binne ɗaya, ta raka biyu bakin jirgin ruwa zuwa Kanada. Mijinta Sabatino ya tafi haƙar kwal a Beljiyam, ya dawo da tari, tarin ya kai shi kabari bai cika hamsin ba. Ta yi tsinkar zaitun a gonakin mutane, ta yi wankau, ta kiwata tumaki har ƙafafunta suka gaza hawan tudu. Amma da za ka tambayi kowa a Serramonda wace ce Palmira, ba zai ambaci ko ɗaya cikin waɗannan ba. Cewa zai yi, ita ce mai yi wa Uwarmu sutura.

Uwarmu ita ce siffar Budurwa Maryamu da ke zaune a cocinmu, da Jariri a cinyarta. Tun muna yara ba abin da muka sani nata sai fuska da tafin hannu, sauran duk tufafi ne. Sau huɗu a shekara ake sauya mata kaya, mafi girma shi ne shuɗin mayafi na ranar idinta, takwas ga Satumba. Ranar sauyi Palmira takan kori duk namijin da ke coci, har da limaminmu Don Settimio, ta sa sakata, ta rataya barguna a tagogin ƙasa. Mata biyu ke miƙo mata ƙyalle da allurai, su ma bayansu suke juyawa. Ba a tuɓe rigar ciki sai an fara zura sabuwa a kai, sannan a zare tsohuwar ta ƙasa. Kuma duk tufar da hannun namiji ya taɓa ta tashi daga aiki ke nan, ba ta sake hawa jikin Uwarmu. Palmira ta gaji aikin daga gwaggonta tana da shekara ashirin, ta riƙe shi shekara arba'in da shida.

Ni kuwa sunana Egidio Marcantonio. Ina da shekara sha ɗaya iyayena suka kai ni makarantar limaman mishan, inda ake shirya yara don aikin bishara a ƙasashen nesa. Na yi shekara takwas a can, na koyi Latin da kyan rubutu da tashi kafin ƙararrawa, amma ban zama Fada ba. Na dawo gida na zama malamin makarantar ƙauye. Saboda haka Palmira ke ce mini Rabin-Fada. Ita ta riƙe 'yata Lidia ranar baftisma, ni kuma tun daga ranar Komare nake ce mata, kamar yadda muke kiran wadda ta zama uwar ɗanka a gaban Allah.

A hunturun 1974 ina binciken tsofaffin littattafan coci, na ci karo da layi uku na Latin da wani bishop, babban limamin yankinmu, ya bari a 1642. Ya ce siffar ta itace ce, tsohuwa ƙwarai, fentinta ya dushe, don haka a rufe ta da tufafi. Na kwana biyu ina juya layukan nan a zuciyata. Sai na zauna na rubuta wasiƙa mai shafi uku zuwa ofishin kula da kayan tarihi a birni. Ba wanda ya sa ni. So nake su san cewa a Serramonda ma akwai mai karanta Latin.

A watan Afrilu suka iso da babbar mota, Dakta Venanzi shugaban gidan kayan tarihi na yankinmu yana gaba. Suka ce gyara za su yi mata, wata shida kacal. Palmira ta kori maza, ta naɗe Uwarmu a zanen gadon aurenta kafin ta yarda a ɗauka. Da motar ta tashi ta jawo ni gefe.

"Rabin-Fada, kai ka san harshen masu takarda. Gaskiya suke faɗa?"

"Za ta dawo, Komare. Ki kwantar da hankalinki."

"To wane munafuki ne ya tsegunta musu abin da ke ƙarƙashin kayanta?"

Na ce ban sani ba.

Uwarmu ba ta dawo ba. Suka ce sassaƙar ta haura shekara ɗari bakwai, cocinmu akwai danshi, ƙofarsa kuma ba za ta tare ɓarawo ba. Suka aiko mana da wata siffar ta farar ƙasa wadda aka zana wa tufafi da fenti. Palmira ta kewaye ta sau ɗaya ta ce, "Wannan ai da kayanta aka haife ta. Me zan yi mata?" Ni kuwa aka ba ni takardar yabo, aka naɗa ni mai sa ido a kan kayan tarihin ƙauyukanmu biyar. Babu albashi, amma Dakta Venanzi yakan miƙe ya ba ni hannu idan na shiga ofishinsa, kuma na fi son wannan fiye da yadda zan iya faɗa.

Shekara huɗu bayan haka, ranar Talata huɗu ga Satumba, 1979, Palmira ta shigo gidana da hantsi ba ta ko zauna ba.

"Jibi za ka kai ni birni."

"Asibiti, Komare?"

"Asibitin ƙaniyarka. Matar mai burodi ta je gidan kayan tarihin ta ga Uwarmu. Ta ce tsirara suka ajiye ta a tsakar ɗaki, maza suna kewaya ta kamar tunkiya ranar kasuwa." Ta buga jakar da ke hammatarta. "Na ɗinka mata sabon mayafi. Hunturu uku ina yi. Na san ba za su ba ni ita ba, ban kuma ce su ba ni ba. In rufe ta kawai, idinta ya same ta da sutura."

Na yi mata bayanin dokar wurin: ba a taɓa komai, ba a ko matsawa kusa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce motar ƙarfe bakwai saura ashirin za mu hau.

Mun isa Rocca ƙarfe goma da kwata. Haka muke kiran tsohon gidan yaƙin sarakunan da, wanda aka mayar gidan zane-zane da sassaƙe. Palmira ba ta taɓa shigarsa ba. Ta tsallaka gadar da ke kan busasshen gwalalo ba ta ɗaga kai ta dubi ganuwar ba. A bakin ƙofa da na tsaya yankar tikiti ta ce da ƙarfi, yadda mai sayarwar zai ji, "Yau kuma sai da takarda ake gaida Uwarmu?" Matakalar dutsen nan an yi ta ne don dawakai, faɗi gare ta amma ba ta ƙarewa. Sau uku ta tsaya tana haki, duk lokacin da na miƙa hannu in karɓi jakar sai ta ture ni da gwiwar hannu.

Mai gadin ɗakunan sama wani Quirino ne, mutumin ƙauyen da ke ƙasan namu, ƙato mai gashin baki, wanda ƙafafunsa kullum ke ciwo. Yana ganinta ya cire hula.

"A'a! Gwaggo Palmira a birni? Lallai yau za a yi ƙanƙara."

"Quirino ɗan Concetta? Kai ne suka sa wa kaki? Yaron da ke satar mana ɓaure."

"Sau ɗaya ne, Gwaggo."

"Sau ɗaya aka kama ka. Ina take?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya nuna ɗaki na bakwai.

Sun ɗora ta a kan wani dutse fari a tsakiyar ɗakin, yadda mai kallo zai iya zagaya ta. Na sha ganinta a haka, har na rubuta a kanta, amma ran nan na gan ta kamar ban taɓa gani ba. Ƙarama ce, ba ta kai rabin yadda take a coci ba. An sassaƙe mata kai tun zamanin da don gashin da ake sa mata ya zauna. Kafaɗunta da gefen kujerarta duk ramukan ƙusa ne. Bayanta kuwa rami ne kamar kwami. Wasu Jamusawa biyu cikin gajeren wando sun sunkuya suna leƙa ramin suna nuna wa juna.

Palmira ta yi mata kallo ɗaya ta sunkuyar da kai. Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban takalmanta.

"Shekara arba'in da shida," ta ce a hankali, "ni ma ban taɓa ganinta ba. Da hannu na san ta."

Can ta hango ƙaramar takardar da aka manna a jikin dutsen. Idanunta sun riga sun yi rauni, karatun ma da can ba mai yawa ba ne.

"Me suka rubuta a kanta? Karanta mini."

Na karanta mata: sassaƙar itace, ƙarni na sha uku, daga cocin Serramonda, ba a san mai sassaƙar ba. Akwai layi na ƙarshe, wanda ya ce an gano ta ne ta hanyar binciken Malam Egidio Marcantonio. Na tsaya kafin in kai gare shi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Komare."

Quirino ya dubi takardar, ya dube ni.

Ta buɗe jakar ta nuna masa bakin mayafin, ta gaya masa abin da ya kawo ta. Ya kama kai da hannu biyu.

"Gwaggo, so kike a kore ni? 'Ya'yana huɗu, ga surukata a gida tana ci kamar soja."

"Uwarka ta miƙo mini allura shekara tara a cocin nan namu, lokacin da naku rufinsa ya faɗi. Da tana raye da kunnenka za ta ja."

"Shi ya sa na gode wa Allah da ba ta ga wannan rana ba." Ya ciro agogonsa ya duba, ya yi ajiyar zuciya. "Dakta yakan fita shan kofi ƙarfe sha ɗaya, ba ya dawowa sai da rabi. Minti goma, Gwaggo. Ki rufe ta, ki yi addu'arki, ki cire."

"Ba zan cire ba."

"To ni ban ji wannan ba. Gobe da safe in an tambaye ni, mala'iku ne suka zo." Ya juyo gare ni. "Malam, ɗakin ƙofa biyu gare shi. Ni zan tare ta baya, kai ka tsaya ta matakala. In Dakta ya dawo da wuri, ka sauka ka tare shi a ƙasa, ka cika shi da Latin ɗin nan naka har ya manta sunansa."

"Ku juya baya kuma," in ji Palmira. "Wanda ya waiwayo, shi da idanunsa."

Ƙarfe sha ɗaya da minti biyu Quirino ya kora Jamusawan da hannu, yana ce musu shara za a yi. Na tsaya a ƙofar matakala, fuskata ga bango. A bayana ina jin motsin ƙyalle, ina jin tana karanta gaisuwar Maryamu ta cikin haƙora, alamar allurai na bakinta. Wannan sautin muke ji muna yara idan muka manna kunne a ƙofar coci. Na tuna ƙamshin kakin kyandir, na tuna mahaifiyata tana jan hannuna daga bakin ƙofar.

Ƙarfe sha ɗaya da minti tara na ji takun takalmi a ƙasan matakala. Na san takun. Na ji muryar Dakta yana gaida mai tikiti.

Abin da aka ce in yi mai sauƙi ne. Matakala arba'in da biyu ce tsakanina da shi, kuma ina da tambayoyi aƙalla uku da za su tsayar da shi rabin sa'a. Amma abin da ya zo mini a rai shi ne fuskarsa idan ya shigo ya tarar da sassaƙar ƙarni na sha uku an soka mata allurai, ni mai sa ido ina gadin ƙofa. A raina na ga an cire layin nan mai sunana daga takardar. Na ga na shiga ofishinsa bai miƙe ba.

Na juya na shiga ɗakin da gudu.

Ta kusa gamawa. Mayafin ya sauko daga kai zuwa ƙasa, shuɗi mai duhu, an yi masa taurari da zaren azurfa a baki, ya rufe ramin baya, ya rufe ƙusoshin, ya tattaru a ƙarƙashin hannun Jariri da wani ninki da ban san yadda ake yinsa ba. Uwarmu ce ta yarintata, babba, mai kwarjini. Na gan ta tsawon numfashi ɗaya. Sai na kama mayafin ta kafaɗa na fizge. Wata allura ta riƙe, ƙyallen ya yage kamar taƙi guda.

Palmira ba ta yi ihu ba. Ta cire alluran da suka rage a bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta soka su a ƙirjin rigarta.

A haka Dakta Venanzi ya same mu, ni da mayafi a hannu ina ƙoƙarin ɓoye shi a bayana kamar yaron da aka kama da satar nama. Quirino ya shigo ta ɗaya ƙofar, ya cire hula, ya faɗi gaskiya tun daga farko, ya ƙare da cewa laifinsa ne, a tuna da 'ya'yansa. Dakta bai ko dube shi ba. Ya zo ya ɗaga bakin mayafin yana duban ɗinkin.

"Wannan ce matar da ke yi mata sutura? Tana raye?" Ya juyo gare ni. "Malam, shekara huɗu ina duban ramukan ƙusar nan ban gane tsarinsu ba. Na tambaye ka, ka ce al'adar tsofaffin mata ce, babu abin koyo a ciki. Ta sa mata kayan? Me ya sa ka cire?"

Na dubi mayafin da ke hannuna.

Ya rusuna wa Palmira kamar yadda ake yi wa manyan mata. "Baba, ki yi haƙuri. Ki sake sa mata, don Allah. Mu duka za mu fita, mu rufe ƙofa. Ta kwana da shi har bayan idi, ni na ba da izini."

"Namiji ya taɓa," in ji Palmira.

"Ai yagewar kaɗan ce, za a ɗinke."

"Ba yagewar ba ce, ɗana. Namiji ya taɓa. Yanzu ma biyu."

Dakta ya saki bakin ƙyallen da sauri. Ya ce to a samo wani, zai sayo yadi mafi kyau a birni, ta ɗinka a tsanake, baɗi ta dawo.

"Hunturu uku na yi a kan wannan," ta ce. "Na ƙarshe da lalube na yi shi. Ba ni da wasu idanun." Ta ɗauki jakarta da ba komai a ciki. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba, ta ce, "Quirino, in za ku rufe da yamma, ka riƙa kashe mata fitilar nan ta baya. Aƙalla wannan."

Ta sauka matakalar ita kaɗai, tana dafa bango.

A motar komawa ta zauna ta taga. Da muka wuce gadar kogi ta ciro burodi da cukun tumaki daga aljihun rigarta, ta raba biyu, ta miƙo mini rabi. Na ce ba na jin yunwa. Ta ce, "Ci. Tun asuba ba ka sa komai a ciki ba." Na ci. Na shirya maganganu da yawa tsakanin birni da Serramonda, na wasiƙar da na layin da na tsallake da na abin da na yi da hannuna, na jera su a kaina kamar yadda aka koya mana jera zunubi kafin a shiga wurin Fada. Motar ta tsaya a dandalin ƙauye ban furta ko ɗaya ba.

Ta ƙara shekara biyar a duniya. Ta ci gaba da zuwa gidana ranar haihuwar Lidia, ta ci gaba da aiko mana da zaitun. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ko Quirino ya gaya mata abin da ke rubuce a takardar nan, ban sani ba. Wata jikar 'yar'uwarta ta taɓa roƙonta ta koya mata ninkin mayafin, ta ce babu jikin da za a koya a kai.

A 1991, bayan Dakta Venanzi ya ajiye aiki, sabuwar shugabar gidan ta rubuto mini. Suna shirya baje koli a kan siffofin da ake yi wa sutura a ƙauyukan tudu, suna so su nuna Uwarmu da kayanta na mako biyu, mata kaɗai za su yi aikin. Ta ce an gaya mata ba wanda ya san tarihin siffar kamar ni, don haka tana roƙon in bayyana musu dalla-dalla yadda ake sa mayafin: ta ina ake farawa, ninki nawa ne, wace allura ke shiga wane rami. Na ajiye wasiƙar a kan teburina kwana sha ɗaya. Na je gidajen matan da suka taɓa miƙo allura, biyu suka rage, dukansu suka ce ai su bayansu suke juyawa. Sai na ɗauki alƙalami na ba ta amsa cikin layi biyu, na ce wadda ta sani ta rasu, ni kuma ban sani ba.